Zabirar Alhaji da Hanyar Gabas

Lokacin muna yara, in aka ce "Alhaji" a unguwarmu ba a ƙara suna, domin mutum ɗaya ne tak. Kakana ne na wajen uba, wanzami, gajere, mai kaushin ƙafa irin wanda ƙaya ke karyewa a kai. Yau kuwa tsaya a bakin Kantin Kwari ka ce "Alhaji!" ka ga mutum nawa za su waiwayo. Har da ni a ciki, ban cire kaina ba.

Ya bar Kano bayan girbin dawa na 1936, shi da kakata, da ƙanensa saurayi, da jaki ɗaya. Bai sake ganin Dala da Goron Dutse ba sai bayan an gama yaƙin Hitila, shekara tara da ɗoriya ke nan. Ya komo da matarsa, da 'ya'ya biyu da aka haifa a can, da zabirarsa. Jakin a Wadai ya mutu. Ƙanen ya yi zamansa a Sudan. Alhaji yakan yi dariya ya ce Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ake ce wa Sarki Alhaji, ya je ya yi hajjinsa na 1937 ya komo fada ya huta, shi ko ƙasar Wadai bai taka ba.

Da tawa tafiyar ta zo, jirgi ya ɗaga da mu daga filin Malam Aminu Kano bayan isha, aka ba mu abinci, na ɗan gyangyaɗa, sai ji na yi ana cewa a ɗaura ɗamara za a sauka Jidda. Awa biyar ba ta cika ba. Barno, Bagarmi, Wadai, Darfur, Kurdufan, Nilu biyu da Bahar Maliya, duk na tsallake su ina minshari. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa da na ajiye aiki, a hunturun 2023, na ce wa ɗan ƙanwata ya ɗauko jaka mu taka bakin hanyar da ƙafa, daga Ƙofar Mata zuwa Wudil, daga can mu kai Gaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, lafiya kuwa? Ai kuɗin mota bai gagare mu ba." Na ce masa ya sa ruwa da man zafi a jakar, ya bar surutu.

Tun ina yaro akwai tambayar da ke ɗaure mini kai. Me zai sa talaka fitik, wanda ko akuya biyar bai mallaka ba, ya ga hajji ya hau kansa? Ashe amsar tana nan cikin littattafan da ake ja a zaurukanmu. A wurin Malikawa, ikon da aka sharɗanta ba lalle ne ya zama abin hawa da jakar kuɗi ba. Risala ta daidaita mai zuwa a kan dabba da mai zuwa a ƙasa, Muhtasar kuma ya fito fili da mas'alar mai sana'a: in mutum zai iya takawa, yana da aikin hannu da zai ci da shi a hanya, akwai kuma amincin rai da dukiya, to ya sami iko ko da ba shi da guzuri. Wannan hukunci ɗaya ya tashi dukawa da maƙera da masaƙa da almajirai masu allo daga garuruwansu. Alhaji bai yi zurfi a karatu ba, amma ya fahimci mas'alar a harshensa na wanzami. Yakan ce mini, "Abokina, duk ƙasar da ka je, kai yana tsiro da gashi, kuma ana haihuwar maza." Aska, ƙaho, ƙoshiya da dutsen washi, su ne kuɗin kujerarsa.

Mutanen da can arewa suke fuskanta. Su keta Sahara ta Agadas da Gat da Murzuk, su faɗa Masar, su shiga ayarin Alƙahira. Ta Masar Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, haka Askiya Muhammadu na Songhai a 1496, sarakunan Kanem ma tun ƙarni na 13 suke da masaukin ɗalibai da mahajjata a Alƙahira. To amma wannan hanyar raƙumi ce, ta sarakuna da attajirai da manyan malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa bai sami zuwa ba. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, da malamin ya ƙudura wucewa Makka sai ya mai da shi gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba.

Talaka gabas yake miƙewa, ta ƙasar da ake noman gero, inda ko yaushe akwai ƙauye a gaba, da rijiya, da gonar da ke neman hannu. Wani Bature mutumin Suwizalan mai suna Burckhardt ya tarar da irinsu a Shandi da Sawakin a 1814, suna tafe a ƙasa da allo da akushi da 'yar butar alwala, suna rubuta laya suna samun na abinci. Larabawa na ce musu Takarir. Daga can muka samo kalmar takari, wadda yau ake faɗa da ɗan yatsine, alhali da can da ita ake kiran masu niyyar ɗakin Allah. A wancan ƙarni hanyar sai mai ƙarar kwana, ga yaƙe-yaƙen sarakuna, ga 'yan samame masu kama mutum su kai kasuwa.

Zuwan Turawa ne ya cika ta da mutane, ta fuska biyu masu karo da juna. Da fari gudunsu aka yi. An daɗe ana faɗa a ƙasar Sakkwato cewa in zamani ya ƙure jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, sojan Ingila suka rutsa da su ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Fuska ta biyu kuma, su Turawan da aka gudu dominsu su ne suka share ƙayar hanyar. Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, sun ci Abashe a 1909, Ingilishi suka gama da Ali Dinar na Darfur a 1916. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid a 1912. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, gonakin audugar Jazira suka buɗe baki suna neman masu tsinka. Kafin Alhaji ya ɗaura wa jakinsa mangala, hanyar ta riga ta zama turba, kusan kilomita 4,000 daga Kano zuwa bakin teku, kowane babban gari da zangon Hausawa.

Mun fita bayan asuba, marinar Ƙofar Mata ko motsi ba a fara ba. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne Kano ta ƙi ƙarewa. Alhaji yakan ce da ka juya wa ganuwa baya sai karan dawa. Mu kuwa muka wuce Hotoro, muka kai Mariri inda ake sauke huhunan goro, ba abin da muke gani sai bulo da kwano da hayaƙin tirela. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka saki kwalta muka faɗa wani burtali.

Nan ƙasa ta fara magana. Mai mota ba ya jin ta. In ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a tsakiyar gona ba gida ko ɗaya kusa, tsaya ka tona da ƙafa, za ka ga katangar tukunya: kufai ne, an taɓa zama a nan. Gawo na tsaye da ganyensa shar a lokacin da komai ya bushe, awaki na kiwon 'ya'yansa a ƙarƙashi. Ɗorawa da kaɗanya kowace da mai ita, ko da gonar ta wani ce. Wata maƙabarta muka gifta wadda itatuwanta sun fi na duk yankin girma, domin nan kaɗai gatari ke jin kunya. Ɗan ƙanwata, wanda a birni ya tashi, sai tambaya yake, ni kuma ina amsawa da abin da na ji a zauren Alhaji shekara hamsin da suka wuce, ina mamakin yadda bai zube ba.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai da na taka. Mai bin wannan hanya inda ya fuskanta ya yi sallar asuba, nan zai fuskanta ya ɗauki sandarsa. Rana a idonsa take fitowa kullum, ta faɗi a ƙeyarsa. A bakin Bahaushe gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne, shi ya sa in an ce wane "ya yi gabas" ba a tambayar ina.

Wajen la'asar ƙafata ta yi bororo biyu. Muka shiga wani ƙauye muka zube a gindin tsamiya kusa da masallaci. Kafin mu cire takalma samari sun kewaye mu. Wani a kan babur ya ce, "Baba, mota ce ta lalace?" Na ce a'a, tafiya muke. "A ƙasa? Daga birni?" Suka dubi juna. Ɗaya ya nemi ganin katin shaida, wani ya ce gara a kai mu wurin mai unguwa. Ban ga laifinsu ba. A zamanin masu satar mutane da 'yan leƙen asirinsu, dattijo mai tabarau da agogo yana yawo a burtali ba dalili, ai abin a bincika ne.

Mai unguwan tsoho ne, yana kishingiɗe a zaure da casbi. Muka durƙusa muka gaisa. Ya ce, "Malam, daga ina, zuwa ina?" Na kwashe labarin Alhaji na faɗa masa, ina jin kaina kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ya yi shiru har na fara tsarguwa. Can ya ɗaga murya ya ce, "Kai, a kawo wa baƙin Allah ruwa!" Sannan ya juyo ya ce gwaggonsa ma ta yi gabas da mijinta tun kafin a haife shi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, har mahaifinsa ya rasu yana tare duk wani alhajin da ya dawo yana tambaya. Bayan magariba akussa uku suka shigo daga gidaje uku, tuwon dawa miyar kuka, ɗaya da ɗan man shanu. Saurayin da ya nemi katin shaida shi ya kawo mana tabarma da bargo. Da safe aka kawo koko. Na laluba aljihu, mai unguwa ya kama hannuna ya ce, "Haba Malam, so kake ka ƙona mana ladan?"

A daren nan, ina kwance ƙafa na zugi, lissafin da ya gagare ni tun ina yaro ya fita. Na daɗe ina yaba ƙafar Alhaji, kamar ita ce ta kai shi. Ashe akussan nan ne. Mutum ba ya ɗaukar ruwan kilomita 4,000 a salka. Daga Kano har Bahar Maliya akwai zaure bayan zaure, randa bayan randa, na Barebari da Shuwa da mutanen Wadai da Furawa da Larabawan Kurdufan, talakawa irinsa waɗanda ba za su taɓa ganin Ka'aba ba, suna saka hannu a hajjin wani da ludayin fura. Littattafan tarihi sun rubuta sunan Mansa Musa da zinariyarsa. Matar da ta kwashe tuwon 'ya'yanta ta aika wa baƙon masallaci ba ta shiga ko ɗaya ba.

Kashegari muka kai Wudil. Kogin na gudu a ƙarƙashin gada, masunta na jefa birgi. Alhaji ya ce shi a kan yashi ya tsallake, har sai da suka tona rami a cikin kogin kafin su shayar da jaki, kuma gaskiyarsa ne, domin kafin a gina madatsar Tiga a 1974 ruwan ɗaukewa yake da rani. Mun rasa karar shanu ta ranar Juma'a da kwana ɗaya, sai kashin shanun muka tarar. A kwana na uku na ja ƙafa na shiga Gaya, garin da ake cewa daga nan maƙeran farko, Abagayawa, suka je suka zauna gindin Dala neman tama. Da na yi niyyar yin ƙasaru, limamin da muka yi azahar a bayansa ya tambaye ni daga inda na fito, ya yi murmushi ya ce ai mil 48 ba ta cika ba, in cika sallata. Wato duk wahalar da na sha, a wurin shari'a ko matafiyi ban zama ba.

Sauran hanyar a baki na same ta, kuma baki biyu ne da ba sa jituwa. Kakata, wadda ke ce mini "maigidana", takan ce, "Kakanka kasuwanni yake ƙirgawa. Ni ka tambaye ni inda aka haihu da inda aka binne."

A bakin Alhaji, bayan Yarwa sai Dikwa, sai firki, baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani inda ake dasa masakwa, wadda in ruwa ya sauka ko jaki ba ya ratsa ta. Saboda haka tafiyar ta rani ce. In damina ta kama ka, inda ta kama ka nan za ka nemi aron gona ko ka yi ƙodago, sai an yi girbi ka auna hatsinka ka tashi. Suka haye Shari a kwalekwale daga Kusuri zuwa Fallomi, wadda aka mai da Injamena a 1973. Suka bi ta Ati zuwa Abashe, suka shekara a zangon Hausawa yana aski a kasuwa, ita tana tuyar ƙosai. Daga Adare suka shiga Jinaina, ƙasar Ingilishi kuma, suka ga Dutsen Marra daga nesa, suka sauka Fashir.

Tsakanin Fashir da Al'ubayyid ne muryar kakata takan canza. Ƙasa ce ta jigawa da ƙarangiya, rijiyoyi nesa da juna. A yankin Hamar, wajen Nuhud, mutane kuka suke raraƙewa, su cika cikinta da ruwan sama da guga lokacin damina, su toshe, ta zama rumbun ruwa. Kowace kuka da mai ita, ana gadonta kamar gona, ana sayar da ruwanta. Alhaji ya ce ya taɓa yi wa gida guda aski a ba shi tulu ɗaya. Inda ba kuka, kankana ce ruwan mutum da dabba. A nan 'yar farinsu, wadda aka haifa a Abashe, ta kamu da zawo ta rasu tana goye. Suka haƙa mata a gindin aduwa, suka jibga ƙaya a kai saboda kura, ayari bai jira ba. Kakata ta kai shekara tamanin, amma duk ranar da aka yi maganar Makka a gabanta, kafin ta ce Ka'aba sai ta ce aduwar nan.

A Al'ubayyid mai kuɗi jirgin ƙasa yake hawa. Marar shi ya shiga daji tsagar dakwara, ya tara ƙaro ya kai kasuwa, ko ya gangara Kosti ya haye Farin Nilu ya shiga Jazira. Nan ne tarkon yake, kuma tarko mai daɗi. Ga aiki, ga kuɗi a hannu, ga ruwa a magudana shekara duka, ga 'yan'uwa masu jin Hausa a kowane kambo, kamar yadda ake kiran bukkokin 'yan ƙodago a gefen gonaki. Su Alhaji sun zo da niyyar tsinkar auduga ta kaka ɗaya. A 1940 sojan Italiya suka kama Kasala, aka ce a dakata. Kaka ɗaya ta zama huɗu. A can aka haifi mahaifina.

A can kuma ƙanen Alhaji ya yi aure. Da lokacin tashi ya yi ya ce, "Yaya, ku yi gaba, baɗi in Allah ya yarda ina bayanku." Da suka biyo ta kansa a hanyar dawowa ya sake cewa baɗi. Ya mutu da jikoki, bai ga teku ba, kuma har ya mutu in an tambaye shi sai ya ce shi a kan hanya yake. Da na ɗauka raunin niyyarsa ne shi kaɗai, sai na tarar wani masani, Bawa Yamba, ya yi littafi guda a 1995 a kan irin ƙauyukan nan, inda har jikokin da aka haifa a Sudan suke kiran kansu mahajjata, suna ƙin gina gida mai ƙarfi don kada ya zama sun sauka. Mutanen ƙasar kuwa Fallata suke ce musu duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, kuma sau da yawa ba da daɗin baki ba, ko da yake da guminsu audugar ta tashi.

Ƙarshen ƙasa Sawakin, tsibiri mai benaye na dutsen murjani waɗanda tun a lokacin sun fara rushewa, saboda an mai da tashar jiragen ruwa Fot Sudan a 1909. A nan hukuma ke tsare mahajjata, a yi musu lamba, a duba takarda, a nemi kuɗin jirgi na zuwa da dawowa. Wanda ba shi da su sai ya bi masu sambuk, jiragen katako masu filafilai, da dare. Wasu sun isa. Wasu an sauke su a gaɓar da ba kowa an ce musu ga Jidda can bayan tudu, ƙishirwa ta kashe su. Akwai kuma abin da tsofaffi ba sa son faɗa: yaran da aka ɗauko daga gida da sunan almajirai ko 'ya'yan riƙo aka sayar da su a Hijaz, wani lokaci ma wanda ya ɗauko su Bahaushe ne mai rawani. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Duk mai ba da labarin hanyar gabas ya tsallake wannan, ya yi wa yaran nan zalunci na biyu.

Alhaji ya bi ta hukuma, kuɗin auduga ya biya. Daga Jidda suka taka zuwa Makka. Labarin da ya fi so kuwa na Mina ne. Da ya yi jifa aka aske masa kai ya fita daga harami, sai ya shimfiɗa buzu ya buɗe zabira. Ya ce bai taɓa ganin kasuwa irin ta ranar ba: dubban kawuna, kowa dole ya yi aski, ba mai neman ragi. Kan Bajawe, kan Bahindiye, kan Baturke, duk sun bi ta ƙarƙashin askar da aka ƙera a Kano. Da kuɗin suka je Madina.

Yana dawowa hanyar ta fara mutuwa a bayansa. Masu hali dama sun daɗe da samun wata: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta jirgin ruwa ya bi a 1921, har ya ratsa ta Ingila. A ƙarshen shekarun 1940 su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai da manyan motoci, daga taƙaitaccen sunansa aka sami Wapa ta Fagge, inda yau ake canjin kuɗi. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Jirgin sama ya shigo a shekarun 1950, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, biza da fasfo da rabon kujeru suka ƙarasa rufe ƙofar ga mai zabira.

Ba na cikin masu cewa da ma a koma. Wanda ya faɗi haka a gaban kakata da ya sha muciya. Abin da ke damuna daban ne. Alhaji bai taɓa shiga aji ba, amma yana jin Barbarci, yana ciniki da Larabcin Shuwa, ya san yadda ake gaida dattijo a Wadai da abin da ake ci a Darfur. In rediyo ta ambaci Abashe sai ya gyara zama, kamar an ambaci Bichi. Ni mai takardun makaranta, na je Makka sau biyu, abin da na sani tsakanin nan da can shi ne kujerar jirgi da kasuwar tsaraba. Maƙwabtan da suka ciyar da kakanninmu sun koma mana sunaye a labaran ƙarfe shida. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane sun tsallako daga Jinaina zuwa Adare, ta kan turbar da su Alhaji suka bi, fuskarsu na yamma. A masallatanmu ban ji an cika yi musu ko alƙunutu ba.

Zuriyar ƙanen Alhaji ba mu rabu da su ba. Da wasiƙa ce ta hannun alhazai, da ajami, daga baya aka koma waya. Daga Gaya a mota muka komo Kano, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Kwana huɗu bayan nan, ina zaune ƙafata cikin ruwan ɗumi da gishiri, labari ya zo cewa mayaƙa sun shiga Madani, can cikin Jazira inda dangin namu suke. Muka yi ta kira ba ta shiga. Sai bayan mako biyu saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga jikan ƙanen Alhaji, da irin Hausarsu ta mutanen da mai gauraye da Larabci. Ya ce, "Yaya, muna nan da rai. Mun fito da tsohuwa da yara, ba mu ɗauki komai ba." Ya ce kwana uku suka yi suna tafiya a ƙasa, suna kwana a masallatan ƙauye ana ba su abinci, kafin su sami motar da ta kai su Gadarif.